Kitson da Ba Ya Kitsuwa

Ku matso nan kusa da ni, ku da na haifa da ku da 'ya'yana suka haifa, ku kife salular nan a ƙasa ku ji. Akwai labarin da ake bayarwa a kaina a gidajen suna da na biki, daga Bobigny har Damagaram, wai ni Barira na je Lyon na zaunar da babban farfesa na koya masa aikinsa. A bakin Hajiya Ta-Maradi ma har hawaye mutumin ya yi. To ni ban taɓa ganin farfesan nan ba, ko muryarsa ban sani ba. Abin da ya kai ni Lyon daban ne, kuma ba wani abin yabo ba ne: na je ne in kwaso Zalika da kayanta in maido ta gida. Gara ku ji yadda aka yi daga bakina, tun ana gane maganata.

Kun san ni ba mai fita ba ce. A lokacin da nake ba ku labari, shekarata goma sha tara a hawa na bakwai ɗin nan na Bobigny, kuma tafiyata ba ta wuce asansar mai hawa da sauka da mu a benen, kasuwar ranar Asabar, sai gidan lokotoro in jiki ya matsa. Paris da mutane ke hawo jirgi daga ƙarshen duniya don su gani, ni daga tagar kicin nake hango ta, na ce ta ishe ni daga nan. Ban buƙaci zuwa ko'ina ba, duniya ce ke hawowa wurina, don ni makitsiya ce. Matan Damagaram da na Maradi da na Tawa, 'yan Cadi, 'yan Kamaru, matan Kano masu Ingilishi a baki, kowace ta zo ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, ta ba ni kanta, ta ba ni labarin gidanta ko ban tambaya ba. Lakkwal ban yi ba sai allo da ɗan karatun manya, amma kitso tun ina 'yar shekara bakwai na koye shi a unguwar Birni ta Damagaram, wurin Gwaggo Dije. Bahaguwa ce, kuma in kika karkata tsaga da kibiyar hannunta take dungure ki. Babanku Malam Habu, Allah ya ji ƙansa, lodin kwalayen kayan lambu yake yi da dare a babbar kasuwar Rungis, sai da hantsi yake shigowa ya kwanta. Saboda haka daga safe zuwa azahar da raɗa ake kitso a gidana. Ku yi tunanin mata biyar 'yan Damagaram suna gulma da raɗa. Wannan kaɗai aiki ne.

Zalika ce ta uku a ɗakina, kuma ta fi kowa shiru. Shekararta biyar ke nan a Bron, gefen Lyon, tana karatun tarihin zane-zane. Babanta bai taɓa son karatun ba, ya dai haɗiye ne tunda yarinya ba ta taɓa faɗuwa jarabawa ba. Wata Laraba ce abin ya tashi, ranar da Hajiya Ta-Maradi ta zo kitso. Ita shadda take sayarwa, tana kai kaya Lyon, kuma ta biya ta ɗakin Zalika ta kai mata saƙona. Ina cikin tsaga mata kai sai ta manta da raɗa.

"Barira, wallahi na ga abin da ya fi ƙarfina. 'Yarki ta cika bango da hotunan matan Turawa, ba ɗankwali ba komai, wata ma wuyan rigarta har nan. Kuma duk matattu ne! Shekara ɗari biyar da mutuwa!"

"Hajiya, a hankali, Malam na barci."

"Ai gara ya ji."

Ya kuwa ji. Ya fito ido ja, ya amsa gaisuwar mata a gajarce, ya koma. Sai da suka watse ya zo ya zauna a kujerar kicin, ina kwashe tuwo.

"Ɗan Alhaji Lawali lokotoro ne," in ji shi. "'Yar Malam Sale tana farmasi. Tawa kuma tana gadin matan da suka mutu. In an tambaye ni a masallaci me take yi, in ce me?"

"Ka ce karatu take yi."

"Karatun me? Alhaji Lawali na neman mai Faransanci a buronsa, ofishin nan nasa, wadda za ta riƙe masa takardun duwan, na kuɗin fiton kaya. Ki je ki taho da ita."

"Ni? Ni da ko hanyar gar ɗin jirgin ƙasa ban sani ba?"

"Ke take jin maganarki. In ni na je, faɗa za mu yi."

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da baki na yi ta cewa a'a, amma a zuci murna nake yi. Hotunan ba su dame ni ba, ni da nake wuni ina kallon kawunan mata ba ɗankwali. 'Yata nake so. Shekara biyar ina share ƙurar gadonta, ina dafa shinkafa in ɗebi rabonta in tuna ba ta nan. Buron Alhaji Lawali kuwa tasha uku ce daga gidanmu. Na ga Zalika tana shigowa da yamma, tana cire takalmi a bakin ƙofa, tana buɗe tukunya kafin ta yi sallama yadda ta saba. Malam ya ɗauka aikensa zan je. Aikena zan je.

Mamman, yayan Zalika, ya kai ni gar ranar Asabar da safe, ya zaunar da ni a kujerata kamar kaya, ya rubuta lambarsa a takarda ya cusa mini a jaka. Na tafi da dambu cikin kula, da kilishi, da yaji, da kibiyata da matsefi da ba na rabuwa da su, da kuma babban balis, akwatin tafiya, wanda ba komai a cikinsa, na kwaso kayan Zalika. Jirgi ya tashi ban ji tashinsa ba. Da na ɗaga kai daga addu'a sai na ga gidaje sun ƙare, ga gonaki kore shar, ga shanu farare manya-manya ba makiyayi ba kowa. Na ce a raina, ashe ƙasar nan tana da karkara, shekara goma sha tara ba wanda ya gaya mini. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni ta yi ta leƙen dambuna, na zuba mata a murfin kula. Yaji ya kama ta, ta yi tari, ta yi hawaye, ta miƙo murfin a ƙara mata. Tsakanin tarinta da shanun na shirya maganar da zan yi wa Zalika, mai tsawo, da haƙƙin uba a ciki, da tsufana, da ciwon gwiwata.

Ban samu na yi ta ba. Zalika ta tarye ni a gar, muka hau taram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, har Bron, kuma tun a hanya na ga ta rame. Da muka shiga ɗakinta ta cire ɗankwali sai na kama baki. Kan nan ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba. Ta dubi balis ɗin, ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ji ba nauyi, ta yi dariyar da ba ta kai zuci ba.

"Inna, ba sai kin faɗa ba. Zan bi ki. Dama na gama da abin nan."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Gobe mu tafi."

"To zauna in tsefe miki wannan sheƙar tukuna. Ba zan shiga Bobigny da ke haka ba, a ce 'yar makitsiya ce."

Na zauna a bakin gado, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, mu duka muna fuskantar bangon nan da Hajiya Ta-Maradi ta ba da labari. Kowace mace in an kama mata kai bakinta buɗewa yake yi, har Zalika. Ta ce aikin ƙarshen karatunta a kan wani mai zane ne na shekara ɗari biyar da suka wuce. Ta faɗi sunansa sau uku, ya ƙi zama a bakina, na sa masa Yawale. Mutumin arewacin Turai ne, ƙasar sanyi, inda a zamaninsa matan aure ke naɗe kai da farin ƙyalle kamar mu. Yana saurayi ya ɗauki kayan aikinsa ya haura manyan duwatsun ƙanƙara, wani wuri a ƙafa, wani wuri a kan alfadari, har ya sauka Italiya, a wani gari da aka gina cikin ruwa, inda kwale-kwale ne abin hawa. Ya zauna can 'yan shekaru ya komo gida. Aikin Zalika shi ne ta nuna abin da tafiyar ta sauya a hannunsa. Ta ɗaga yatsa ta nuna mini hotuna biyu a tsakiyar bango, kowanne kan mace ne. Ainihin ɗaya yana Paris, ainihin ɗayan yana nan Lyon, kuma Yawale bai rubuta shekara a jikin ko ɗaya ba.

"Littattafai sun ce na Paris, mai adon nan, shi ya zana bayan ya dawo, don 'yan Italiya masu son ado ne. Na Lyon, mara ado, wai kafin ya tafi. Ni kuma ina ji a jikina an juya su ne, Inna. Amma farfesa ya ce ji a jiki ba hujja ba ce. Ko in kawo hujja, ko in rubuta abin da ke littafi. Saura sati uku."

"To ki rubuta na littafin mana."

"Ba zan sa hannu a abin da ban yarda da shi ba."

"Ubanki sak," na ce, na ja mata gashi.

Hannuna yana aiki, idona yana bango. Na Paris ɗin mace ce da kitso kamar an gina mata soro a kai, igiya kan igiya, da duwatsun ado, da lanƙwasa iri-iri. Idona ya kama igiya ɗaya daga goshi ya bi ta yadda hannu zai bi. Ta shiga ƙarƙashi, ta fito, ta sake shiga, sai ta ɓace. Na koma na sake bi, ta sake ɓacewa. A gefen kunne igiya uku sun zama huɗu ba tare da an ɗebo gashi daga ko'ina ba. Tsaga babu ko ɗaya. Kuma duk tulin nan ba abin da ya riƙe shi, da matar za ta yi atishawa da ya zubo mata a cinya. Na danne dariya na koma kan na Lyon. Mace ce ta ɗan juya ƙeya, kitso biyu kawai aka yi mata aka naɗe a bayan kai da jan zare. Ina kallonsa gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in kin ji muryar 'yar garinku a cikin taron baƙi. Ga tsaga nan sarai, ta ɗan kauce a tsakiya inda kai ke da tudu. Ga fatar gefen goshi ta ɗan ɗame. Ga ƙananan gashin ƙeya da ba makitsiyar da ta taɓa kama su. Jelar ta fi tushen sakin jiki, alamar hannu ya gaji a ƙarshe. Kuma kitson ya kwanta ta ɓangaren da na bahaguwa ke kwanciya. Na ce a zuci, Gwaggo Dije, ashe kina da 'yar'uwa a nan.

Nan fa na gane abin da nake riƙe da shi, na kuma gane abin da zai biyo baya. In na yi shiru, gobe war haka Zalika tana gadonta a Bobigny, Malam ya ji daɗi, ni na fi shi jin daɗi, kuma ba mai sanin na ga wani abu sai Allah. In na buɗe baki, ta zauna. Na yi shiru. Ni Barira, da ake cewa ko a barci ina magana, na yi mata kitso layi tara ban ce uffan ba, har ta waiwayo ta tambaye ni ko jirgi ne ya juya mini kai. Na tashi na yi alwala na tayar da la'asar. Ina raka'a ta biyu ina bin igiyar matar Paris, har na rasa ko ta uku nake ko ta huɗu, sai da na yi ba'adi. Da na sallame na tarar ta buɗe balis, ta hau kujera tana ciro hotuna daga bango ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kuka, amma kowanne sai ta shafe shi da tafin hannu kafin ta aje. Da hannunta ya kai kan matar Lyon sai na ji bakina ya yi magana.

"Bar wannan a wurinsa."

"Me ya faru, Inna?"

"Wancan mai adon ƙarya ne. Ba ya kitsuwa."

"Kamar yaya ba ya kitsuwa?"

"Kamar yadda na faɗa. Wanda ya zana shi bai taɓa ganin ana kitso ba, labari aka ba shi. Wannan kuwa ya zauna a gefen makitsiya tun daga tsaga har jela. Ya ga inda ta gaji ma. Bahaguwa ce."

Ta sauko daga kujerar a hankali, kamar mai tsoron kar maganar ta tashi ta gudu.

"Atan, Inna, tsaya. Sake faɗa."

"Ke ce kika ce a garinsu mata na rufe kai. To a ina namiji zai ga kitso? Sai da ya je inda ake yinsa a fili."

Sai ta yi wani ihu da ban taɓa jin ta yi ba tun tana goye. Ta ce a garin ruwan nan mata kan hau saman soraye su baje gashi a rana, ana gyara musu, kowa na gani. Ta ce ta karanta wannan ya fi sau goma, ba ta taɓa haɗa shi da kitson ba. Sannan ta tsaya cik.

"Amma farfesa zai ce maganar baki ce."

"To samo mini kai."

Ta fita da gudu ta jawo abokiyar zamanta, wata Baturiya mai suna Manon, mai gashi kamar gemun masara, har gadon baya. Yarinyar ba ta san me ake ciki ba, da littafi a hannunta aka zaunar da ita a ƙasa. Lokacin zafi ne, rana ba ta faɗuwa da wuri, haske ya cika ɗakin. Zalika ta manna hoton Paris a gabana, ta ɗauki salula tana ɗaukar hannuna. Na bi Yawale sawu da sawu, inda ya shiga in shiga, inda ya fito in fito. Da na iso gefen kunne, inda uku suka zama huɗu, sai na tsaya na buɗe hannu na ce a ba ni aron gashi. Na gwada sau uku. A na ukun na haƙura na tara shi yadda yake a hoton, na ce da Manon ta girgiza kai. Ta girgiza, duk ya zubo mata a fuska, ta kwanta a ƙasa tana dariya har tana dukan tabarma. Sannan na kama na Lyon. Da hannuna na dama ya kitsu lafiya lau, amma ya kwanta ta wancan gefen. Na warware, na rufe ido na tuno yatsun Gwaggo Dije, na bar hagu ya ja gaba. Manon ta ce wash da yarensu, na ce a gaya mata kitso ba a yinsa da tausayi. Da na gama muka ciro jan zare daga bakin ɗankwalina muka naɗe. Zalika ta ɗora hoton kusa da ƙeyar Manon. Sai ta durƙusa ta sa kanta a cinyata, sabon kitson da na yi mata yana ƙamshin man da na zo da shi daga gida, ta ce:

"Inna, ba zan iya bin ki gobe ba."

"Na sani," na ce. "Tashi ki ɗumama dambun nan."

Washegari kafin jirgina ta kai ni mize, gidan da suke ajiye zane-zanen da, in ga matar da idona. Na zaci ƙatuwa ce, ashe duk hoton bai fi faifai ba. Na yi mata sallama, Zalika ta ce in rage murya. A kusa har na ga abin da takarda ba ta nuna ba: wurin da kibiya, ko ma mene ne nasu, ya ɗan karci fatar kai ya bar ja. Na ce an matse wa baiwar Allah nan kai, kwana biyu ba za ta iya dariya ba. Yatsana ya tafi da kansa zai bi tsagar, sai wani mai gadi ya yi gyaran murya, na maido abina. Na daɗe a tsaye. Ba matar nake tunani ba, wadda ta yi mata kitson nake tunani, wadda ba a zana ba, da bayanta mai ciwo irin nawa. Da Yawale kuma. Ya haura duwatsu, ya sha sanyi, ya bar uwarsa tana share ƙurar gadonsa, kuma babban abin da ya samo a can shi ne ya koyi zama wuri ɗaya ya kalli hannun wata mata har ta gama. Na ce da Zalika, ai da ya zo Birni da Gwaggo Dije ta koya masa a kwana uku, da dungure.

Na komo Bobigny da balis yadda na tafi da shi, sai wata jar alawar Lyon da Manon ta jefa a ciki. Malam yana zaune a falo, ya sa an gyara gadon. Ya dubi bayana, ya dubi ƙofa.

"Ina take?"

"Tana karatu."

"Ta ƙi?"

Da na ce e, da magana ta mutu a kan yarinya. Amma ba haka aka yi ba.

"Ba ta ƙi ba, Malam. Har ta fara haɗa kaya. Ni na hana ta."

Kwana tara bai ci abincina ba. A gidan Alhaji Lawali yake ci, ya dawo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa yi mini haka ba, kuma ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. A kwana na goma na yi miyar kuka da busasshen kifi na bar ƙofar kicin a buɗe. Ya ci, amma bai yi magana ba. Can Lyon kuwa Zalika ta kai hotunan hannuna. Farfesan bai yi kuka ba, bai ma ce ta yi gaskiya ba. Cewa ya yi ba a taɓa kawo masa hujja irin wannan ba, ta rubuta. Ta rubuta, ta ci, kuma saboda aikin nan aka tura ta garin ruwan da kansa ta ƙara karatu. Shekara ɗaya aka ce. Kun san sauran, tunda wasunku can aka haife ku, kuna zuwa mini hutu kuna kiran taliya da sunaye goma.

Kafin ta tafi ta zo gida sati biyu, ta ce sai ta kai mu mun ga ɗaya matar, ta Paris. Malam ya ce ba ya zuwa. Ranar kuma shi ya riga kowa shiri, da babbar riga da hula, wai don kar mu ɓace a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muka shiga wani gidan zane-zane da ya fi unguwar Birni girma, muka yi ta tafiya har gwiwata ta fara magana. Da muka iso Malam ya tsaya a gaban hoton, hannu a baya.

"Wannan ce maƙaryaciyar?"

"Ba ita ba ce, Baba, mai zanen ne," in ji Zalika. "Kuma ba ƙarya ya yi ba, lokacin bai gani ba ne."

Na nuna masa igiyar daga nesa, na ce ya bi ta. Ya bi da ido, ya ɓace, ya koma ya sake bi. Sai ya ƙyalƙyale da dariya a tsakiyar Turawa.

"Kai! Ko kwalin tumatir aka ɗaure haka, ba ya kaiwa bakin mota."

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban gani ba tun muna Damagaram.

"Barira, ashe duk shekarun nan da nake barci aiki kike yi."

A hanyar komowa shi ya saya mana ƙanƙarar madara a bakin kogi, muka zauna mu uku muna lasa kamar yara. Ranar Juma'a Mamman ya ji shi a ƙofar masallaci yana gaya wa Alhaji Lawali cewa 'yarsa ta gyara wa littattafan Turawa kuskure, da taimakon uwarta. Daga nan labari ya fara kumbura, har ya kai bakin Hajiya Ta-Maradi.

Zalika ba ta sake zama a gidan nan ba. Ranar da babanta ya rasu tana cikin jirgin sama, ba ta same shi ba, kuma na san ni na buɗe mata hanyar da ta kai ta nisa haka. Duk Juma'a tana kira, in gan ta a fuskar salula tana dariya, ta yi ƙiba, tana ba ni labarin ɗalibanta, ni kuma ina kallon kanta ina cewa wa ya yi miki wannan aika-aikar. Wata rana murna ta cika ni har in rasa inda zan sa ta, wata rana in ɗebi shinkafa in mayar da rabon mutum ɗaya cikin buhu. To ku da kuka yi lakkwal, ku gaya mini: in ku ne kuka ga abin da na gani a bangon nan, 'yarku ta riga ta ce za ta bi ku gida, za ku faɗa mata, ko za ku yi shiru ku taho da abarku?